Yadda Burtali Ya Tsuke a Ƙasar Um Rakuba

Albarkacin bikin cikar ƙungiyarmu mun zazzage tsofaffin littattafan ofis. Ƙarar da ta fi cika su ba ta kwastan ba ce, ta dabbar da aka kama a gona ce. Shi ya sa muka bi sawun abin.

Kakanninmu da suka yada zango a Gadarif kan hanyarsu ta zuwa Makka sun tarar da dokar dabba a bakin nazir da omda da shehun gari. Su ke nuna inda garke zai bi, su ke kimanta ɓarna idan saniya ta faɗa wa dawa. Daji kuwa yana da faɗi, makiyayi na da wurin kaucewa.

A tsakiyar shekarun 1940 Turawan Ingila suka fara noman tarakta a Gadambaliya don ciyar da sojojinsu. A 1968 aka kafa hukumar noman inji, ana yanka gonaki na fadan 1,000 zuwa 1,500 ana ba masu hali. Dawa da riɗi suka ƙaru, mu kanmu mun ci ribar fataucinsu, ba za mu musa ba. Amma a dajin kiwo aka yanka su.

Babbar ɓarakar ta zo a mulkin Numeiri. Dokar 1970 ta ce duk filin da ba shi da rajista na gwamnati ne. To, wane makiyayi ne ya taɓa yi wa burtali rajista? A 1971 kuma aka soke mulkin sarakunan gargajiya, masu raba gardamar ke nan. An dawo da su daga baya, sai dai ba da ƙarfinsu na da ba. Daga nan tarakta ta riƙa gatsar burtali kowace damina, har ya zama akwai inda garke ba ya wucewa sai ya taɓa shuka.

Falke ne ke biyan kuɗin wannan tarihi. Ka sayi tumaki a Doka, ka kora su wajen Galabat kafin a gama girbi, ɗaya ta leƙa gona, sai zaribar hawamil, inda ake tsare dabbar da ta yi ɓarna. Ka biya kuɗin kwana kan kowane kai, ka biya mai gona diyya, ga ranar kasuwa ta wuce ka. Tun da aka sake buɗe sansanin Um Rakuba a Nuwamba 2020 don 'yan gudun hijirar Tigray, masu neman nama sun ƙaru, dabbobin da ke bin hanyar ma haka.

Tun 2015 akwai dokar ƙasa ta kare wuraren kiwo, kuma da ita muke son tunkarar mahukunta a kafa wa burtali alama. Duk wanda aka taɓa tsare wa dabba, ya kawo mana rasit ɗinsa ofis kafin kaka.