Kaburbura da allunan tunawa da hafsoshin soja a coci-cocin Turai: wa aka rubuta, wa aka bari

Duk wanda ya shiga tsohon coci a Ingila ko Faransa zai tarar da bangonsa cike da allunan dutse masu ɗauke da sunayen matattu. Da yawa daga cikinsu hafsoshin soja ne, na ƙasa da na ruwa, waɗanda suka mutu tsakanin ƙarni na 17 da farkon ƙarni na 20. Wasu suna kwance a ƙarƙashin daɓen cocin, wasu a maƙabartar da ke harabarsa. Akwai kuma kaso mai yawa da ba gawa ko ɗaya a wurin, domin mamacin ya nutse a teku, ko an binne shi a wata ƙasa mai nisa inda yaƙi ko zazzaɓi ya same shi. Dangi ko abokan aikinsa ne ke haɗa kuɗi su kafa allon a garinsu, don a sami inda za a tsaya a tuna da shi.

Allunan suna da alamomin da masu sassaƙa suka saba amfani da su. Ƙugiyar tsayar da jirgi tana nuna sojan ruwa. Igwa, takobi da tuta suna nuna sojan ƙasa. Ginshiƙin da ya karye a tsakiya yana nufin rai ya yanke tun da ƙuruciya. Rubutun kuwa yakan ba da muƙami, sunan runduna ko jirgi, wurin mutuwa da shekarun mamaci, shi ya sa masana tarihi ke ɗaukar waɗannan duwatsu a matsayin takardun shaida. Daga cikinsu ake gane cewa a bakin tekun Afirka ta Yamma zazzaɓin cizon sauro da shawara sun kashe hafsoshin Turawa fiye da yadda harsashi ya kashe su.

Majami'ar Saint Paul ta Landan

A Birtaniya, cocin Westminster ne aka fara tara irin waɗannan gine-gine. A can ne ake da na Admiral Cloudesley Shovell, wanda jirginsa ya dagargaje kusa da tsibiran Scilly a 1707, da na Janar James Wolfe da aka kashe a Quebec a 1759. Zuwa ƙarshen ƙarni na 18 wurin ya cika maƙil, sai hankali ya koma majami'ar Saint Paul, wadda Christopher Wren ya sake ginawa bayan babbar gobarar Landan ta 1666. Cikinta ya daɗe fayau ba mutum-mutumi, sai a shekarun 1790 aka fara yarda a kafa su.

Lokacin ya zo daidai da yaƙe-yaƙen Birtaniya da Faransa na 1793 zuwa 1815. Majalisar dokoki ta riƙa ware kuɗin baitulmali don girmama hafsoshin da suka mutu a fagen fama, har aka kafa kwamiti na musamman a 1802 mai zaɓen masu sassaƙa da duba zanensu. Kimanin gine-gine talatin aka yi ta wannan hanya. Manufar ba ɓoyayya ba ce: gwamnati tana son samarin da suka shigo su ga ladan mutuwa a bakin daga, su yi sha'awar shiga soja.

Mafi shahara shi ne Horatio Nelson. An harbe shi a yaƙin Trafalgar ranar 21 ga Oktoba 1805, aka saka gawarsa cikin gangar barasa don kada ta lalace kafin a iso gida, aka yi jana'izarsa ranar 9 ga Janairu 1806. Akwatin da aka sa shi an yi shi ne da katakon jirgin yaƙin Faransa mai suna L'Orient, wanda ya tarwatse a yaƙin Abukir na gaɓar Masar a 1798. Baƙin dutsen da ke bisa kabarinsa kuma gado ne: tun shekarun 1520 aka sassaƙa shi domin Kardinal Wolsey, amma Sarki Henry na Takwas ya fusata da shi ya ƙwace, dutsen ya zauna ba mai shi kusan shekara ɗari uku. Kabarin yana ɗakin ƙarƙashin ƙasa, daidai tsakiyar ƙubbar majami'ar. Kusa da shi akwai na mataimakinsa Collingwood, da na Wellington, wanda ya ci Napoleon a Waterloo, aka binne shi ranar 18 ga Nuwamba 1852.

Ga mai karatu daga Sudan, akwai sunaye biyu a Saint Paul da ba baƙi ba ne. Na farko Janar Charles Gordon, wanda dakarun Mahadi suka kashe a Khartum ranar 26 ga Janairu 1885. Ba a taɓa samun gawarsa ba, don haka siffarsa ta tagulla da ke kwance a majami'ar tana bisa kabarin da ba kowa ciki. Na biyu Kitchener, wanda ya nutse a teku a watan Yuni 1916 lokacin da jirgin Hampshire ya taka nakiya, aka keɓe masa ɗakin addu'a guda a cikin ginin. Wannan Kitchener ɗin ne, bayan yaƙin Omdurman na 2 ga Satumba 1898, ya sa aka rushe hubbaren Mahadi aka watsa ƙasusuwansa a kogin Nilu. Mutumin da ya hana abokin gabarsa kabari shi ma bai sami nasa ba, sai dai nasa ɗakin tunawar yana nan tsaf, alhali hubbaren Omdurman sai a 1947 aka sake gina shi. Mutum-mutumin Gordon a kan raƙumi da Turawa suka kafa a Khartum kuwa, bayan ƴancin kan Sudan an sauke shi aka mayar Ingila, yanzu yana harabar wata makaranta mai sunansa.

Invalides ta Paris

Faransa ta bi wata hanya dabam. A 1670 Sarki Louis na Sha Huɗu ya ba da umarnin gina Invalides, gidan kula da tsofaffin sojoji da waɗanda yaƙi ya nakasa. A cikinsa akwai coci mai ɓangare biyu: na sojoji, mai suna Saint-Louis, da kuma na sarki a ƙarƙashin ƙubba mai ruwan zinariya wadda Jules Hardouin-Mansart ya zana, aka kammala a 1706. A ɓangaren sojoji ake rataye tutocin da aka ƙwato daga abokan gaba. A ƙarshen Maris 1814, da rundunonin ƙawance suka doso Paris, gwamnan gidan, Mareshal Sérurier, ya sa aka ƙone fiye da tuta 1,400 a tsakar gida don kada masu su su karɓe abinsu.

Napoleon ne ya mayar da ƙubbar maƙabartar jarumai. A 1800 ya sa aka kawo gawar Mareshal Turenne, wanda harsashin igwa ya kashe a 1675. Da farko an binne Turenne a Saint-Denis tare da sarakuna, kuma lokacin da masu juyin juya hali suka tone kaburburan sarakunan a 1793, tasa gawar ta tsira. A 1808 aka kawo zuciyar Vauban, gwanin gina ganuwa da sansani. Shi kansa Napoleon ya mutu a tsare a tsibirin Saint Helena ranar 5 ga Mayu 1821. An dawo da gawarsa Paris ranar 15 ga Disamba 1840, amma sai a 1861 aka sa ta cikin ƙaton akwatin jan dutse da aka haƙo daga Rasha, ƙasar da ta halaka babbar rundunarsa a 1812.

A nan ma tarihin Afirka yana ko'ina. Bugeaud, wanda ya jagoranci mamayar Aljeriya da ƙone-ƙonen gonaki da ƙauyuka, yana kwance a ɗakin ƙarƙashin cocin. Haka Janar Mangin, wanda littafinsa na 1910 ya yi kiran a ɗebi samarin Afirka su zama garkuwar Faransa. Haka kuma Leclerc, wanda ya sauka Duwala a watan Agusta 1940, ya tashi da rundunarsa daga Chadi ya keta sahara zuwa Kufra, ya mutu a hatsarin jirgin sama a Aljeriya a 1947. Mareshal Lyautey ya nemi a binne shi a Maroko, aka kuwa cika masa buri a Rabat, amma bayan ƙasar ta sami ƴanci aka kwaso gawarsa zuwa Invalides a 1961. A jikin kabarinsa akwai rubutun Larabci.

Waɗanda suka rage a nan

Ba kowane hafsa aka mayar gida ba. Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwan Birtaniya da ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu 1827, yaronsa Richard Lander ya binne shi a wani ƙauye kusa da birnin. Kyaftin Cazemajou an kashe shi a Damagaram a watan Mayu 1898 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, daga baya Faransawa suka sa wa sansanin sojansu na Zinder sunansa. Kwamanda Lamy ya mutu a Kusiri ranar 22 ga Afrilu 1900, rana ɗaya da Rabe, kuma garin da aka kafa a tsallaken kogi ya ci gaba da amsa sunan Fort-Lamy har 1973, lokacin da aka mayar da shi N'Djamena. A yankin Sahel sunan gari da na bariki sun yi aikin da allon coci ke yi a Turai.

Kaburburan da suka fi ɗaukar hankali su ne na Maijirgi, a gabashin Tasawa. Can aka binne Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine, jagororin rundunar da ta bar gawarwaki da toka daga gaɓar kogin Kwara zuwa Birnin Ƙonni da Lugu a 1899. Da gwamnatin Paris ta turo Kanar Klobb ya tsayar da su, Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli, bayan ƴan kwanaki kuma sojojinsu baƙar fata suka juya musu baya suka kashe su. Mutanen biyu suna da kaburburan da aka sani, ana iya nuna su da yatsa. Dubban mutanen da suka kashe ba su da allo mai sunayensu.

Taƙaddamar yau

Wannan giɓi shi ne tushen gardamar da ake yi yanzu. Har zuwa ƙarni na 19, hafsa ne kawai ke samun suna a dutse, ƙaramin soja ko da Bature ne rami ɗaya ake zuba shi da ƴan'uwansa. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya sauya al'adar, aka ce kowane mamaci a rubuta sunansa, aka kuma binne sojan da ba a san ko wane ne ba a Westminster ranar 11 ga Nuwamba 1920 don ya wakilci sauran. Amma ƙa'idar ba ta iso Afirka yadda ya kamata ba. A watan Afrilu 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Commonwealth ta fitar da rahoton da ya amsa cewa aƙalla mutum 116,000, galibinsu ƴan Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu ba, kuma adadin yana iya kaiwa 350,000. Ministan tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi gafara a gaban majalisa. Cikin waɗanda aka ɗeba daga Afirka ta Yamma zuwa yaƙin Kamaru da na Afirka ta Gabas akwai Hausawa da yawa, sojoji da ƴan dako.

Sannan akwai tambayar halin waɗanda aka girmama. Janar Thomas Picton, hafsan Birtaniya mafi girman muƙami da ya mutu a Waterloo, yana da kabari da gini a Saint Paul. Shi ne kuma gwamnan Trinidad da kotu ta samu da laifi a 1806 kan azabtar da wata yarinya ƴar shekara 14, Louisa Calderon, ko da yake ba a taɓa hukunta shi ba. A 2020 majalisar birnin Cardiff ta kaɗa ƙuri'ar cire mutum-mutuminsa daga zaurenta. A Faransa, lokacin da Shugaba Emmanuel Macron ya ajiye furanni a kabarin Napoleon ranar 5 ga Mayu 2021, masu suka sun tuna masa cewa mai kabarin ne ya dawo da bauta a yankunan mulkin Faransa a 1802, bayan an soke ta. A Duwala kuwa, ɗan gwagwarmaya André Blaise Essama ya sha sare kan mutum-mutumin Leclerc, ana kama shi ana gyarawa.

Cire gini daga cikin coci ya fi cire shi daga dandali wuya. A Ingila sai kotun coci ko hukumar kula da manyan majami'u ta amince, kuma yawancin gine-ginen suna cikin jerin kayan tarihi da doka ta kare. Saboda haka hanyar da Saint Paul ta fi bi ita ce barin duwatsun a inda suke, tare da ƙara bayani. Ta haɗa kai da Jami'ar York aka yi nazarin gine-ginen ɗaya bayan ɗaya, aka kuma gayyaci marubuta da masu fasaha, ciki har da ƴan asalin ƙasashen da aka mallaka, su faɗi abin da suke gani idan sun tsaya a gabansu.