Tarihin Tsara Shimfiɗar Masana'antu

Tsara shimfiɗar masana'anta fanni ne na ilmi da ke duba inda ya kamata a kafa kowace na'ura, da inda za a jibge ɗanyen kaya, da hanyar da kayan za su bi tun daga ƙofar shiga har su fita a sarrafe, domin kada ƙarfin ma'aikaci ya ƙare wajen kai da komowa alhali aikin kansa yana nan yana jira. Mas'alar da aka gina fannin a kanta guda ce tun asali, watau ko mutum ne zai tashi ya iske aiki, ko kuwa aikin za a kawo gabansa.

Tun kafin a raɗa wa abin suna, mutanen birnin Benis na ƙasar Italiya, wanda Larabawa ke kira Bunduƙiyya, sun riga sun gane sirrinsa a ma'aikatarsu ta jiragen ruwa. Wani matafiyi ɗan Sifen, Pero Tafur, ya ba da labarin yadda ya ga ana jan jirgi cikin mashigin ruwa tsakanin ɗakunan ajiya, ana miƙo masa igiyoyi ta wannan taga, makamai ta waccan, guzuri ta wata, har ya kai ƙarshen mashigin a shirye tsaf.

Da zamanin injin tururi ya zo, sai ikon tsarawa ya kuɓuce daga hannun mai tsarawa, domin inji guda ne ke juya wata doguwar sandar ƙarfe da aka rataya a ƙarƙashin rufi, kowace na'ura kuwa sai an ɗaura ta da sandar da bel na fata, saboda haka tilas na'urori su yi cincirindo kusa da ita ko da jerin aikin bai bukaci haka ba, ginin kuma ya yi ta hawa bene bisa bene, ana ta hawa da sauka da kaya. Ba a sami mafita ba sai da lantarki ya yaɗu, kowace na'ura ta sami injinta na kanta, aka iya ajiye ta inda hankali ya nuna.

A nan ne Henry Ford ya shigo. A masana'antarsa ta Highland Park kusa da Detroit, wadda Albert Kahn ya zana aka buɗe a 1910, mutanensa sun yi la'akari da mayankan Chicago, inda ake rataye dabba tana wucewa gaban mahauta kowa yana cire rabonsa, suka juya hikimar, a 1913 suka sa gangar mota tana tafiya kowa yana ɗaura nasa. Aikin da ke cin sa'a goma sha biyu da rabi ya dawo minti 93. Sai dai wajibi ne a faɗi abin da wannan nasara ta ci, domin mutumin da aka tsayar wuri guda yana ɗaure ƙusa iri ɗaya daga safe har la'asar ba ya daɗewa sai ya gudu. A shekarar 1913 ɗin sai da kamfanin ya ɗauki mutum fiye da 50,000 kafin ya riƙe ma'aikata wajen 14,000, abin da ya sa a Janairun 1914 aka kai ladan yini dala biyar.

Daga nan al'amarin ya koma hannun malamai. Frank da Lillian Gilbreth sun fito da taswirar bin sawun aiki a 1921. A 1957 Koopmans da Beckmann suka mai da shi mas'alar hisabi, mai wuyar gaske kuwa, tun da sassa goma kacal ana iya jera su a gurabe goma ta fuska 3,628,800. Richard Muther, a littafinsa na 1961, ya bi tafarkin da ya fi kusa da hankalin mai aiki: a ɗauki sassa biyu biyu a yanke hukuncin kusancinsu da haruffa shida, daga wanda maƙwabtakarsu ta zama lalle har zuwa wanda ba a so sam, tamkar yadda malaman fiƙihu ke jera hukunci daga wajibi zuwa haram. Wurin fenti da wurin walda, alal misali, tilas a nisanta su saboda gobara. A 1963 Armour da Buffa suka ɗora wa kwamfuta lissafin jera sassan.

A Japan kuwa, Taiichi Ohno na kamfanin Toyota ya ƙi yarda a ɗaure mutum ga na'ura guda. Aka lanƙwasa layi kamar kofaton doki, mashiga da mafita suka zo dab da juna, ma'aikaci ɗaya yana zagayawa tsakanin na'urori da dama, kuma idan ya ga aibi yana da izinin jan igiya ya tsai da layin.