Gajiya: Ma'anarta a wurin likita, direba da injiniya

Gajiya na cikin kalmomin da ba sa barin bakin Bahaushe. Da ita ake gaisuwa: a ce "Ina gajiya?" a amsa "Ba gajiya," ko "Gajiya ta bi lafiya." Idan an watse daga biki ko suna, washegari akan je ban gajiya. Ana kiran marar ƙarfi ko marar abin hannu gajiyayye, manomi kan ce gona ta gaji idan ta daina ba da yabanya, wanda abu ya gundure shi kuma ya ce ya gaji. A rubuce, kalmar kan yi kama da wata: "ya gaji" na iya nufin ƙarfinsa ya ƙare, "ya gaji mahaifinsa" kuwa batun gado ne, karin murya da tsawon wasali ne ke raba su.

Masana kiwon lafiya da injiniyoyi su ma suna amfani da kalmar, kowa da ma'anarsa. Abin da ya haɗa ma'anonin shi ne, gajiya ba ta zuwa farat ɗaya. Nauyi ne da ake ta maimaitawa, yana taruwa a ɓoye, har ranar da abin da ke ɗauke da shi ya kasa.

A wurin likita

Likitoci na bambanta gajiyar yau da kullum da wadda ke nuna cuta. Ta farko na biyo bayan aiki, tafiya ko rashin barci, kuma hutu da abinci na kawar da ita. Ta biyu ita ce wadda mutum zai kwana ya tashi da ita, mako bayan mako, ba tare da ya yi wani aikin a-zo-a-gani ba. Irin wannan alama ce, kamar zazzaɓi, kuma aikin likita shi ne gano abin da ke ƙarƙashinta.

Cikin sanannun dalilai akwai ƙarancin jini, inda jiki ba ya samun isasshiyar iskar oksijin. Ya fi yawa ga mata masu juna biyu, yara da masu ciwon sikila, kuma zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki da ƙarancin sinadarin ayon a abinci na haddasa shi. Ciwon sukari, tarin fuka, cutar ƙanjamau, ciwon hanta, na ƙoda da na zuciya duk suna iya fara bayyana da kasala. Haka nan ciwon damuwa: mai fama da shi kan ji jikinsa ya mutu alhali gwajin jini bai nuna komai ba.

Akwai kuma ciwon gajiya mai naci, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi tun 1969. Ana zarginsa ne idan gajiya mai hana aiki ta kai wata shida, barci ba ya wartsakarwa, kuma ɗan motsi kaɗan ya kwantar da mutum kwana ɗaya ko fiye. Sau da yawa akan yi wa masu shi kallon malalata, abin da ke ƙara musu ƙunci. Bayan annobar korona, likitoci sun ga makamancinsa a jikin wasu da suka warke. A 2021 hukumar ta lissafa gajiya cikin manyan alamun ciwon da ke biyo bayan cutar.

Gajiyar da ta wuce makonni, musamman idan ta zo da rama, haki, zufar dare, yawan fitsari ko kumburin ƙafa, ta cancanci zuwa asibiti. Ƙwayoyin da ake haɗawa a sayar da sunan maganin gajiya galibi masu kashe zafin ciwo ne. Suna rufe alamar, cutar na ci gaba da aikinta, yawan shan wasunsu kuma na illa ga ciki da ƙoda.

A kan hanya da wurin aiki

Baligi na buƙatar barcin awa bakwai zuwa tara a dare. Muddin mutum na farke, wani sinadari mai suna adenosin na taruwa a ƙwaƙwalwarsa yana ƙara masa nauyin ido. Sinadarin kafin da ke cikin goro, shayi da gahawa yana toshe saƙon ne na ɗan lokaci, ba ya biyan bashin barcin. Wani bincike da aka wallafa a 1997 daga Ostiraliya ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 a farke, kuzarin hankalinsa na raguwa kamar na wanda giyar da ke jininsa ta kai kashi 0.05 cikin ɗari, iyakar da ƙasashe da dama suka sa wa masu tuƙi.

Haɗarin ga direba shi ne gyangyaɗin 'yan daƙiƙoƙi, wanda shi kansa ba ya sanin ya yi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa na cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Gyangyaɗin daƙiƙa huɗu ke nan ya isa ta wuce tsawon filin ƙwallon ƙafa babu mai riƙe da ita. Saboda haka ne dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade wa direbobin manyan motoci tuƙin awa tara a rana, da hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi. A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗin direbobi kan tuƙi cikin gajiya da tafiyar dare.

Wani nau'in kuma shi ne gajiyar zuciya da aiki ke jawowa, inda ma'aikaci zai ji ƙarfinsa ya ƙare, sha'awar aikin ta fita daga ransa, ƙwazonsa ya ragu. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan a matsayin matsalar da ke da nasaba da wurin aiki, ba cuta mai zaman kanta ba.

A jikin ƙarfe

Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta tsinke ya ga abin da injiniyoyi ke kira gajiyar ƙarfe. Lanƙwasa ɗaya ba ta karya ta. Maimaici ne ke karya ta. Yakan faro ne da 'yar tsagar da ido ba ya gani, yawanci a kusurwa, bakin huda ko wurin walda. Duk lokacin da nauyi ya hau ya sauka, tsagar na ƙara buɗewa kaɗan, har abin da ya rage na ƙarfen ya kasa, ya karye nan take. Yau da gobe, in ji Hausawa, ita ke sa allura ta haƙa rijiya.

An koyi wannan darasi da rayuka. A watan Mayun 1842, sandar da ke haɗa ƙafafun wani jirgin ƙasa ta karye kusa da birnin Faris na Faransa, jirgin ya kama da wuta, mutane da dama suka mutu. A shekarun 1850 da 1860, injiniyan Jamus August Wöhler ya yi gwaje-gwaje kan irin waɗannan sanduna, ya tabbatar da cewa nauyin da bai kai ya karya ƙarfe sau ɗaya ba na iya karya shi idan aka maimaita shi sau dubbai.

A 1954, jiragen saman Birtaniya biyu ƙirar Comet, jirgin fasinja na farko mai injin jet, suka tarwatse a sararin samaniya kusa da Italiya: na farko a watan Janairu da mutum 35, na biyu a watan Afrilu da mutum 21. Masu bincike sun tsoma gangar jikin wani jirgin a ƙatuwar tankin ruwa, suna ƙara matsi suna ragewa, har ta tsage a kusurwar wata kafa. Wannan na cikin dalilan da suka sa tagogin jiragen yau ba su da kusurwa mai kaifi. A 1988 wani ɓangare na rufin jirgin Boeing 737 ya yaye a Hawai ta Amurka bayan jirgin ya yi tashi da sauka kusan sau 90,000, ma'aikaciya ɗaya ta rasa ranta. A 1998 kuma, tsagar da ke jikin ƙafar wani jirgin ƙasa mai saurin gudu ta yi ajalin mutum 101 a garin Eschede na Jamus.

Shi ya sa ake lissafa rayuwar jirgin sama da yawan tashi da saukarsa, ba shekarunsa kaɗai ba, ake kuma duba gadoji da layin dogo da na'urorin da ke hango tsaga a cikin ƙarfe. Dokar ɗaya ce ga babbar motar da ake yi wa lodin da ya wuce ƙima a kan hanya mai ramuka: kowane rami na rage kwanan ƙarfen da ke ɗauke da ita.

Inda suka rabu

Jikin ɗan Adam na gyara kansa idan aka ba shi barci da abinci. Gonar da ta gaji ma takan farfaɗo idan aka bar ta ta huta ko aka zuba mata taki. Ƙarfe kuwa ba ya warkewa: tsagar da ta fara tana nan ko da an ajiye motar shekara guda, maganinta gyara ne ko canji. Don haka gajiyar da hutu ya kawar ba abin damuwa ba ce. Wadda hutu ya kasa kawarwa, a jikin mutum ko a jikin na'ura, ita ce ke buƙatar idon gwani tun kafin ta kai ga karaya.