Yadda Haɗarin Tayar da Mota Ya Koma Kan Batir

Kafin 1912, ƙarfin damtse ke tayar da mota: direba ya juya ƙarfe a gaban inji, wani lokacin ƙarfen ya dawo ya karya masa hannu. A shekarar ce Cadillac ta fito da sitatar lantarki ta Charles Kettering, nauyin ya koma kan batir, aka gaji jona mota da mota da wayoyi idan batir ya mutu. Wani zai ce ai an rabu da haɗari ke nan. Wuri kawai ya sauya. Batirin dalma yana fitar da iskar haidurojin, tartsatsi kaɗan kan kunna ta. Shi ya sa kanikawa ke maƙala baƙar waya ta ƙarshe a jikin injin motar da ta mutu, nesa da batirin.