Kulob Ɗin Matuƙan Jirgin Sama na Landan

Bayan da aka gama Yaƙin Duniya na Farko a 1918, tuƙin jirgin sama a Ingila ya zama sai soja, sai kuwa mai dukiya. Jirgi da tsada, koyo da tsada, talaka sai dai ya ɗaga kai ya yi kallo. Gwamnati kuwa ta lura ƙasa tana bukatar matuƙa masu yawa, ko don ciniki, ko don ranar da yaƙi zai sake tasowa. Saboda haka babban ma'aikacinta mai kula da jiragen farar hula, Sir Sefton Brancker, ya kawo shawara a taimaki mutanen gari su kafa kulob-kulob na koyon tuƙi. Gwamnati za ta ba su kuɗin sayen jirgi, ta kuma ƙara musu lada a kan duk mutumin da ya ci jarrabawa.

Ana cikin haka sai kamfanin de Havilland ya ƙera wani ƙaramin jirgi mai suna Moth, wanda ya fara tashi cikin Fabrairu 1925. Mutum biyu yake ɗauka, malami da almajiri, ana kuma naɗe fukafukansa a tura shi ɗaki. Cikin wannan shekara aka buɗe kulob na Landan a filin Stag Lane, arewa da birni, aka kuma buɗe waɗansu a wurare irin su Newcastle.

Dabarar kulob ita ce ta masu cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jirgi na jama'a ne. Kowa ya biya kuɗin shiga da na shekara, sa'an nan ya biya na sa'o'in da ya yi a sama. Da kuɗin ake sayen mai, ake biyan malami da makanikai. Ran Asabar da Lahadi sai fili ya cika, wasu na koyo, wasu na shawagi don nishaɗi.

Cikin 1928 wata budurwa mai suna Amy Johnson, mutuniyar Hull, ta shiga kulob ɗin. Akawu ce a ofishin wani lauya, daga albashinta take tsimi ta biya kuɗin koyo. Ta sami lasin tuƙi a 1929, ta kuma zauna wurin makanikai har ta sami takardar shaidar gyaran jirgi. Ran 5 ga Mayu 1930 ta tashi daga Croydon ita kaɗai cikin Moth, ta sauka Darwin ta ƙasar Ostareliya ran 24 ga wata, tafiyar wajen mil 11,000. Ita ce mace ta farko da ta yi wannan tafiya ita kaɗai.

Da gidaje suka matso Stag Lane, sai kulob ya ƙaura zuwa Hatfield. A 1939 yaƙi ya sake ɓarkewa, aka hana tashi don wasa. A nan ne hangen Gwamnati ya tabbata, gama da yawa daga waɗanda suka koya a kulob-kulob suka shiga aikin yaƙi. Amy kanta tana kai jiragen soja daga fili zuwa fili, har ta rasu cikin wannan aiki a Janairu 1941, jirginta ya faɗa bakin kogin Thames.