Goɗiyar Paris da Ƙafafun Dattawanmu

A shekarar 1831, wani likitan dabbobi a birnin Paris mai suna Bouley ya lura da wata goɗiya mai jan keken doki. In ta yi gudu sai ƙafafunta na baya su sage, in ta huta sai ta warware. Da ta mutu aka feɗe ta, aka tarar jijiyoyin da ke kai jini ga ƙafafun sun toshe. A 1858 likita Charcot ya bayyana irin wannan alama a jikin ɗan Adam.

Mu ma mun san alamar, suna ne muka ba ta daban. Dattijo zai nufi kasuwar Tsafe, sha-raɓarsa ta ɗaure, ya tsaya kamar mai jiran wani, can ya ci gaba. Sai mu ce sanyi ne, a nemo man zafi. Ranar da ɗan yatsa ya yi baƙi, mu ce daji.

Abubuwan da ke toshe jijiyar ba baƙinmu ba ne. Kakanninmu sun noma taba tun kafin Turawa, amma sigari na kwali zamani ne ya kawo shi: layin dogo daga Zariya ya ratsa Tsafe da Gusau ya isa Kauran Namoda a 1929, kamfanin taba kuma ya buɗe masana'anta a Zariya a 1959. Sukari ya zama abokin shayi da koko, babur ya karɓe tafiyar ƙasa. Ciwon suga, hawan jini da kitsen jini suka samu wurin zama, kuma taba ce ta fi ɓarna.

Magani ma yana da tarihi. A 1948 Jean Kunlin ya ciro jijiya daga ƙafar majinyaci ya yi wa jini hanyar kewaye. A 1964, a Amurka, Charles Dotter ya zura siririn bututu ya buɗe jijiyar wata tsohuwa mai shekara 82 da ta ƙi yarda a yanke mata ƙafa, ta koma tafiya da ƙafarta.

Irin wannan aiki yana da tsada, kuma ba shi ne akasarinmu ke buƙata ba. Barin taba, saita suga da hawan jini, asfirin da maganin rage kitsen jini bisa umarnin likita, sai tafiya kullum har ƙafa ta fara ciwo, a huta, a sake. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: a auna ƙarfin jini a idon sawu da damtse, a raba na farko da na biyu. In ya gaza 0.9, jijiya ta fara tsukewa. Abin takaici, mutumin Bungudu bai da nisa da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, amma sau da yawa ba ma kai shi sai ƙafa ta fara wari, lokacin da zancen ya koma a ina za a yanke.