Rumbu da ranar girki: yadda ake tsara tuwon dare a karkarar Kano

A ƙauyukan arewacin Kano, irin na ƙasar Minjibir da Ungogo da Ɗambatta, tambayar "me za a ci yau?" ba ta da nauyi a da. An san amsar: tuwon dawa ko na gero, da miyar kuka ko kuɓewa. Abin da ake tsarawa shi ne wa ke da girki, kuma tiya nawa za a auna mata.

A gidan gandu maigida ne ke buɗe rumbu. Shi ke fitar da dami, a sussuka, a auna wa matar da girki ya faɗo kanta, galibi kwana biyu-biyu tsakanin kishiyoyi. Tuwon dare haƙƙi ne a wuyansa. Na rana kuwa, fura ko ƙosai ko ɗanwake, sau da yawa saye ake yi daga matan da ke sana'a a cikin gida, yara suna kai talla.

Awon mako lissafin shekara ne a ɓoye. Yankin ya cika da jama'a, gonaki ƙanana ne, ana noma su kowace shekara ba hutu, da takin da jakuna ke ɗaukowa daga birni. Wannan ne Michael Mortimore ya bayyana a bincikensa na 1965. Don haka magidanci mai hangen nesa yakan liƙe rumbu bayan kaka, samari su tafi cin rani, a rage bakin ci, a lallaɓa da awon kasuwa. Sai damina ta sauka a buɗe, domin mai noma ba ya jure yunwa, kuma a Yuli da Agusta hatsi ya fi tsada.

Zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911 ya shigo da sabon lissafi. Daga 1912 gyaɗa ta yi daraja, kuɗinta ya zama na haraji da na cefane. Amma ruwa ya yi ƙaranci a 1913, yunwa ta biyo baya a 1914, aka ga cewa kuɗi ba ya maye gurbin dami. Farin 1973 ya maimaita darasin, cutar da ta cinye gyaɗa a 1975 kuma ta karya wannan hanyar samun kuɗi.

Yau gandu ya ragu, injin niƙa ya karɓi aikin turmi, shinkafa da taliya sun shiga jerin abincin mako. A gidaje da yawa rumbun ba ya kaiwa damina, awon ya koma na kullum, mudu-mudu, a kan farashin da ke bin na kasuwar Dawanau.